Liyafar Gidan Damas

Yayyena biyu, Azariya da Hilkiya, maginan tukwane ne a Antakiya, rumfarsu ɗaya. Mu Yahudawa ne gaba da baya, kuma rana ɗaya aka yi musu baftisma da suka bi Almasihu. Amma a kan dokar kakanninmu ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba.

Abin ya fito fili da Damas, mai sayar da man zaitun, ya gayyace mu liyafa don matarsa ta sauka lafiya. Tare muke addu'a da shi duk Lahadi, sai dai shi ba Bayahude ba ne, ba a yi masa kaciya ba.

"Ba ni zuwa," in ji Azariya, yana kwaɓa yumɓu. "Wa ya san abin da aka dafa a tukunyarsa jiya?"

Hilkiya ya ce, "Yaya, annabi fa ya faɗa cewa sabon alkawari na tafe, ba irin na kakanninmu ba. Ga shi ya zo. Me kake jira?"

"Ƙarasa karatun mana. Cewa ya yi za a rubuta dokar a zuciya. Wurin rubutu aka sake, doka tana nan."

"To a zuciyar taka an rubuta ka kunyata ɗan'uwanka ranar farin cikinsa?"

"Kai dai cikinka ke fassara maka annabawa."

Magana ta kai kunnen Damas. Washegari ya zo rumfar, ya sayi sababbin tukwane, ya juyo wurina ya ce, "'Yar'uwa, ni ban iya karatunku ba. Ki zo ki dafa mana yadda kuke ci."

Ranar liyafar na dafa wake da kifi mai ɓawo, na gasa gurasa. Azariya ya zo a makare, ya rakuɓe bakin ƙofa. Damas ya ɗauko jaririn ya ɗora masa a cinya. Azariya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa masa albarka da Ibrananci. Ya ci gurasa da kifi, bai taɓa ruwan inabin Damas ba.

A hanya Hilkiya ya ce, "Ashe ka sauko."

"Ban sauko ba. Abincin ba shi da laifi, shi ya sa na ci."

Har Azariya ya rasu bai taɓa hura wutar gasa tukwane ranar Asabar, ranar hutu a dokarmu, ba. Yaron Damas kuwa, da ya tasa, a hannunsa ya koyi gini.