Zakaran Bakin Kanti

Da kwaleji ta raba ɗalibai wuraren koyon aiki, abokan Auta suka dace. Dogo ya faɗa banki, Mai Gilashi ta samu kamfanin waya. Shi kuwa aka tura shi wani babban kantin kaji da ƙwai. A gida ya ce wa Baba, "Sashen talla aka ba ni." Bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa zancen ba.

Sashen tallan buhu ne guda a bayan firiza. A ciki akwai rigar zakara: kai kamar tulu, jan zanko, fukafukan soso, ƙafafu rawaya masu yatsu uku. Manaja, wata gajeriyar mace mai saurin baki, ta kafa masa doka: zakara ba ya magana, kuma ba ya cire kai a gaban yara.

Ranar farko ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma kafin mako ya zagayo ya gano wani abu: babu mai ganin fuskarsa. Auta, wanda ko malami ya kira a aji sai muryarsa ta maƙale, sai ga shi yana tsalle, yana karkaɗa bindi, yana bin masu babur da gudu har bakin kwalta. Yara na ihu, iyaye na shiga kanti. Gumi na tsiyaya har cikin takalmi, shi kuwa dariya yake shi kaɗai a cikin kan nan. Abu ɗaya ke tsinka masa zuciya: kada Baba ya sani. Baba ya riga ya gaya wa duk layinsu cewa autansa na da tebur da fanka.

Ran Asabar da hantsi, kiɗa na tashi, Auta na tsakiyar juyi, tasi ta tsaya. Baba ya fito cikin kayansa na fita kunya. Inna na biye, sai Yaya da 'yarta.

Zakara ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Kai zakara, ba mu hanya," in ji Baba. "Ofishin ɗana muka zo gani. Shi ke juya ku a nan, ko ba ka san shi ba?"

Zakara ya gyaɗa kai, zanko na rawa.

"Ka gani? Har kaji sun san shi."

Manaja ta fito da sauri. Kallo ɗaya ta yi ta gane inda aka dosa. "Sannu da zuwa, Baba. Ai yana bakin aiki. Duk jama'ar nan da ka gani, shi ya tara su."

"To a kira shi mana."

Kafin ta samo amsa, 'yar Yaya ta cafke bindin zakara ta girgiza da ƙarfinta. Ƙurar soso ta tashi ta cika kan. Auta ya danne, ya cije leɓe, ya roƙi Allah. Ina! Atishawa ta ƙwace, irin tasa, mai ƙarewa da ɗan fito.

Inna ta dafe ƙirji. "Auta?"

"Wane Auta kuma?" in ji Baba.

"Ni na haifi wannan atishawar!"

Yaya ta durƙushe tana dariya har da hawaye. Baba ya matso, ya leƙa ta ragar da ke cikin bakin zakaran. Ido ya haɗu da ido.

"Kai ne?"

Yara sun kewaye su. Auta ya gyaɗa kai.

"Magana nake maka."

"Baba, a yi haƙuri," in ji Manaja, "zakara ba ya magana a bakin aiki."

Baba ya ja da baya. Ya dubi ƙafafun nan masu yatsu uku. Ya dubi layin masu saye da ya miƙe har waje. Inna kuwa ba ruwanta, tuni ta zura gorar ruwa ta bakin zakara tana cewa, "Sha, ɗan nan, sun dafa min kai da rai."

"Abin kunya," in ji Baba a hankali.

Fukafukai suka zube.

"Abin kunya ne a ce jinina ne ke rawa da kafaɗa kawai. Ina gwiwa? Innarsu, riƙe min hular nan."

Ya tattare riga ya shiga fili. Yara suka kaure da sowa. Manaja ta ruga ta ƙara sautin kiɗa, Yaya ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto.

"Sauka ƙasa, kai! Kalli ƙafata!" in ji Baba.

Zakara ya sauka, bindi na sharar ƙasa.