Farin Buzun Ajimi

Shekara goma sha biyu Lawan Inuwa na Cadi da Lawan Bala na Kamaru, shugabannin makiyaya, ba sa ga maciji da juna, a kan mashayar shanu guda. Burtali ya toshe, mu a Maiduguri sai dai mu ga shanu jefi-jefi. Maƙwabcina Ajimi kuwa, fatoma a unguwar Mafoni, mai saukar da fataken shanu, shi rigimar ta yi wa rana. Duka biyun gidansa suke sauka, wannan da kaka, wancan da bazara, kowa yana zaton shi kaɗai ne ɗan gida.

Yana da wani farin buzu. In Inuwa ya zo ya shimfiɗa masa: "Ranka ya daɗe, wallahi ba wanda ke zama a kansa sai kai." In Bala ya zo, rantsuwar ce dai ba ragi.

Bayan samun mulkin kai Lawanan suka gaji, suka yarda a yi sulhu a Nijeriya. Burtali zai buɗe, kuma gidan da aka sasanta a ciki, can garkunan za su riƙa sauka. Inuwa ya ce gidan Ajimi. Bala ya amince da sauri. Kowa yana murna ya ja abokin gaba gidan amininsa.

Zainaba matar Ajimi ta ce, "Maigida, ka ɓoye buzun nan."

"Manyan baƙi a zaure babu buzu? Ke dai ji da tukunyarki."

Ranar sulhu suka cire takalma, suka nufi buzu tare, kafaɗa ta bugi kafaɗa.

Inuwa ya ce, "Wurina ne. Ya rantse mini."

Bala ya ce, "Ni ma haka."

Kai, na ji daɗi! Ajimi sai zufa. Lawanan suka dubi juna, suka tuntsire da dariya, suka zauna a tabarma, suka raba goro guda. Bala ya ce, "Ɗan'uwa, wanda ya ba mutum biyu buzu ɗaya, saniya ɗaya mutum nawa zai sayar wa?"

Kafin la'asar sun kwashe kayansu zuwa gidan Ba'ana, wani ƙaramin fatoma a tsallaken titi.

Shanu sun kwararo, gari ya ƙoshi, har ni na canza riga. Kullum da safe garkunan Ba'ana ke wucewa ta ƙofar Ajimi, su bar masa kashi. Yana zaune a farin buzunsa yana kallo, kuma yanzu kam ba wanda ke zama a kansa sai mutum ɗaya.