Safiyar da Kwamfutar Tela Ba Ta Farka Ba

Tun da matar Tela ta rasu 'ya'yansa ke son ɗauke shi daga gidan, shi kuwa ya kafe. Tsoho ne mai taurin kai, kuma a ɗakin nan ya yi ɗinkinsa duk tsawon rayuwarsa.

Autarsa ce ta raba gardamar. Aikin kwamfuta take yi a wani gari mai nisa. Ta kawo masa wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ta ɗora a kan teburin yanka, ta saita mata lokaci: kullum da hantsi za ta farka da kanta, ta kira Auta, su ga juna.

"Baba, kada ka taɓa komai. Rufe murfin kawai, sai ta yi barci. In lokaci ya yi, da kanta za ta tashi."

"In aka kashe ta fa?"

"Nan kam ba abin da zai tashe ta. Muddin ina ganinka garau, ba mai raba ka da gidanka. Ranar da na ga akasin haka, sai ka bi ni."

"Ji 'yar nema! Ashe 'yar sanda na haifa."

Haka aka yi ta tafiya. Da hantsi sai ka ji 'yar fankarta ta fara huci, gilashin ya haskaka, Tela ya gyara zaman hula. Auta ta yi masa faɗan magani, ya ce ta rame, a yi dariya.

Wata safiya ya tashi hannunsa na dama ya yi nauyi kamar na aro. Ya leƙa madubi, ya ga bakinsa ya karkace. Ya daɗe a zaune. A ransa ya ce kwana ɗaya ko biyu zai miƙe, in dai yarinyar nan ba ta gani ba. Ya sa yatsan hagu ya danne maɓallin kashe kwamfutar, har 'yar fitilar da ke ƙyaftawa ta mutu.

Hantsi ya yi, ɗaki tsit. Wayarsa ta yi ta ruri, bai ɗauka ba, don harshen ma ya ƙi ba shi haɗin kai.

Rana ta karkata sai ga Auta a bakin ƙofa, ko jaka ba ta riƙo ba.

"Caji... ya ƙare," in ji shi, da ƙyar.

Ta danna maɓallin, kwamfuta ta kunnu, caji cike. Ta dubi fuskarsa. Ta durƙusa ta sa masa takalmi, hawaye na ɗiga a kan ƙafarsa.

"Tashi, Baba, asibiti za mu."

Bai yi musu ba. A bakin ƙofa ya laluba aljihu da hannun hagu, ya ciro makullin gidan, ya miƙa mata. Ita ta kulle.