Kwanon Ata Kotei

Tun da aka yi aurensu, Awo Lamile ba ta taɓa zama gida ɗaya da mijinta ba, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Haka ake yi a Jamestown, tsohuwar unguwar masunta da ke bakin teku a Akra. Ata Kotei yana gidan maza tare da 'yan'uwansa, ita kuma tana gidan mata cikin danginta, lungu biyu tsakani. Abin da ke riƙe da auren wani kwano ne na tasa mai zanen jan fure. Kullum idan rana ta take, sai ta zuba dokunu, wato curin tuwon masara mai tsami, da kifi da miya a ciki, ta ɗaure da ƙyalle, ta kai masa kan bencinsa. Muddin kwanon mace yana zuwa gidan maza, aurenta yana nan. Ranar da ya daina zuwa kuwa, unguwa ba ta bukatar a yi mata bayani.

Shi ma yana da nasa. Komai yunwar da yake ji, ba ya cin kan kifi. Sai ya bar mata shi a gindin kwanon, ta tarar idan ta koma gida.

"Ƙashi ke damuna," in ji shi, duk lokacin da ta yi magana.

"Ƙashi ke damun masunci? Faɗa wa wanda bai san ka ba."

Haka suka tsufa. Shi ya bar shiga teku ya koma gyaran taru, ita kuma hayaƙin murhun kifi ya sa mata tarin da ba ya jin magani. Ɗakinta yana yoyo. Ban ɗaki na haya ne, sai an bi layi, ga gwiwoyinta ba sa son tsayuwa.

Adei, 'yarsu ɗaya tilo, ma'aikaciyar jinya ce. Ita da mijinta sun gina gida a bayan Kasoa, can inda gari ya ƙare aka fara yanka gonaki ana sayarwa. Wata ranar Lahadi ta zo ta sami uwarta tana tari har da hawaye, ta zauna bakin katifa ta ce, "Awo, ya isa haka. Ɗakinki yana can a shirye, da ban ɗakinsa a ciki. Hayaƙin nan ba zai kashe min ke ina kallo ba."

"Ubanki fa?"

"Ai dama ba gida ɗaya kuke ba. Lungu biyu ne ya zama titi ɗaya. Abincinsa kuma zan yi magana da mai dokunun bakin titi, ta riƙa ba shi."

Awo Lamile ta dube ta kamar ba ita ta haife ta ba. Yarinyar nan ta tashi a unguwar, da hannunta ta sha ɗaukar kwanon, amma a wajenta abinci ne kawai a ciki.

"Mijina ya ci tukunyar wata ina da rai?"

"To ki dafa a can, ni in riƙa biyowa da shi idan zan tafi aiki. Shi ke nan?"

Da Awo Lamile ta je yi wa Ata Kotei sallama, yana zaune da taru a cinya, bai ɗago ba. Ta ce masa akwai ɗaki na biyu a gidan, in yana so.

"Ni in kwana a gidan suruki? In tashi da safe in gaishe shi ko shi ya gaishe ni?" Ya ja zare da haƙori. "Je ki, uwar Adei. Tarin naki ma ya hana unguwa barci. Mu huta."

Gaskiya dai ba a ƙin ta: Kasoa ta karɓe ta. Kafin wata ya zagayo tarin ya lafa. Ruwa yana zuwa daga tanki har cikin ɗaki. Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gida, da iska mai ƙamshin ƙasa, babu warin kwata, babu kiɗan makoki da ke kwana uku yana dukan kunne. Sai dai katangar ta fi tsayin mutum, ga fasassun kwalabe a kanta. Adei da mijinta suna fita tun gari bai waye ba don su riga cunkoson motoci, ba sa dawowa sai duhu ya fara. Maƙwabta ma haka. Wata rana Awo Lamile ta tsaya a ƙofa ta gaida wata mata da ke wucewa, matar ta rungume jakarta ta ƙara sauri.

Maganar kwano kuwa, da farko Adei ta cika alkawari. Amma asibitinta yana wani gefen birnin, biyawa ta Jamestown na nufin ta makara. Wata rana ta kai, wata rana ta manta da shi a bayan mota ya yini cikin rana. Daga baya ya koma ranar Asabar kaɗai. Daga baya Asabar ɗin ma ta zama ranar wanki da hutun gajiya, kuma Awo Lamile ta ga yadda ƙafafun 'yarta ke kumbura, ta kasa buɗe baki.

Ana nan sai ƙanwarta Okaile ta kira ta a waya daga gidan mata.

"Yaya, kin san abin da ake cewa? Wai kin saki tsoho kin tafi gidan tayil. Har a bakin teku ana yi masa waƙa."

"Yana cin abinci?"

"Burodi da shayi. Na aika masa da miya ya mayar min, wai shi yana da mata. Wandonsa ma da igiyar taru yake ɗaure shi yanzu."

Awo Lamile ta ce, "Ɗakina fa?"

"Haba Yaya. Kin san 'yar ƙanwarmu Fofo ta dawo da tagwaye. Ɗaki a gidan nan yana kwana babu kowa?"

Washegari, da fitar su Adei, ta ɗora tukunya. Ta yi miyar kwakwar manja irin wadda yake so, ta saka kifi mafi girma da ta samu, duk da kifin firij ne, ba ya ƙamshin teku. Ta haɗa da dokunu, ta ɗaure kwanon da sabon ƙyalle, ta kulle gida, ta taka jar hanyar nan mai ramuka har bakin titi.

Ba ta taɓa yin tafiyar ita kaɗai ba. Motar haya ta cika, aka tafi kaɗan, aka tsaya. Aka sake tafiya kaɗan, aka sake tsayawa. Gaba motoci, baya motoci, masu tallar ruwa da soyayyar ayaba suna ratsawa tsakani kamar a kasuwa suke. Rana ta hau rufin motar ta zauna. Kwanon yana kan cinyarta, tana jin ɗuminsa yana raguwa, sannan wani ɗumin na daban ya maye gurbinsa, ɗumin rana.

"Kaka, me kika rungume haka kamar jinjiri?" in ji matar da ke gefenta.

"Abincin maigidana."

"Daga Kasoa? Lallai wannan maigida ya yi sa'a. Nawa ko daga madafa zuwa falo sai ya roƙa."

Aka yi dariya a motar. Ita ma ta murmusa, amma hancinta ya riga ya gaya mata abin da ba ta so ta sani.

Sai da la'asar ta yi sanyi ta shiga lungun gidan maza. Iskar gishiri ta daki fuskarta, hayaƙin kifi ya shiga ƙirjinta, nan take tarin ya tashi kamar dama yana jiranta a wurin. Tarin ne ya sanar da zuwanta. Ata Kotei ya ɗago daga benci, kuma kafin ya ce komai ta ga ƙafarsa ta motsa, ta tura wani abu ƙarƙashin bencin. Kwanon roba ne shuɗi, irin na mai dokunun bakin titi. An siɗe shi tas.

Ta gani. Shi ma ya san ta gani. Ta ɗauke kai ta dubi tarun da ke rataye, ta ce ya tsufa, ya kamata a jefar.

Ata Oko, tsohon abokinsa da ke zaune a ɗaya ƙarshen bencin, ya tafa hannu. "Kai jama'a! Kwanon fure ya dawo daga ƙasar waje! Kotei, tashi ka yi rawa, ashe ba a sake ka ba."

"Rufe min baki, gwauron banza. Kai wa ya taɓa kawo maka ko ruwan wanke hannu?"

Ata Kotei ya rame. Wuyansa ya yi tsawo, rigar tana lilo a kafaɗunsa. Ta durƙusa da ƙyar ta kwance ƙyallen, ta buɗe murfin. Miyar ta yi kumfa a gefe, tsaminta ya taso har Ata Oko ya juya fuska ya sami abin kallo a sama.

"Ata, bar shi," ta ce wa mijinta a hankali. "Ta lalace a hanya."

"Wa ya tambaye ki?"

Ya wanke hannu. Ya gutsuri dokunu ya tsoma a miyar ya kai baki. Cikinsa a cike yake, ta san haka, ga shaida nan ƙarƙashin benci. Amma ya juya yadda duk mai wucewa ta lungun zai gan shi, ya ci a hankali, loma bayan loma, yana ɗaga murya yana cewa gishiri bai ji ba, kamar yadda ya saba faɗa tun suna da ƙuruciya. Matan da ke ɗibar ruwa suka gani. Masu dawowa daga bakin teku suka gani. Ita kuwa tana durƙushe tana tari, tana goge ido da bakin zane, tana ɗora wa hayaƙi laifi.

Da ya gama ya rufe kwanon da kansa, ya ɗaure ƙyallen da irin ƙullin masunta, ya miƙa mata. Bai saki nan da nan ba.

"Can ɗin kina tari haka?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. "To kada ki ƙara zuwa da shi, uwar Adei. Sun gani, ya ishe su magana har shekara. Hanyar nan ta fi ƙarfinki, ni kuma ba zan ci abincin da zai kashe mai dafa shi ba."

"Kai kuma fa?"

"Ni? Ciki ba ya tambayar sunan tukunya. Ni ne dai nake tambaya, kuma na gaji." Ya saki kwanon. "Tashi ki tafi tun da sauran rana. Ki ce wa Adei ba na fushi."

Komawa ta fi zuwa tsawo, domin duk birnin ne ke fita a lokacin, kowa yana gudu zuwa ga katangarsa. Ta tarar da Adei a ƙofar gida da waya a hannu, hankali tashe, tana faɗa tana kuka. Awo Lamile ta dafa kafaɗarta kawai ta wuce madafa.

Madafar tana da haske, babu hayaƙi, ruwa yana jiran a murɗa. Ta daɗe tana fama da ƙullin kafin ya kwance. Da ta ɗaga murfin, kan kifin yana nan a gindin kwanon, an gyara masa zama a tsakiyar jan furen.

Ta ja kujera ta zauna ta ci shi duka, da tsaminsa da komai. Sannan ta wanke kwanon, ta goge, ta tsaya riƙe da shi tana duban kantocin madafar, ta rasa inda ake ajiye irinsa.