Ranar da Baba Direba Ya Yi Magana da Bakinsa

"Ka faɗa mata ba inda za ni," in ji Baba Direba, yana buga katifa da hannunsa mai lafiya. "Na gaji da allura, na gaji da fitilar da ba a kashewa. In ta Allah za ta kasance, ta same ni a ɗakina. Faɗa mata haka."

Babban ɗansa, wanda duk benen ke kira Injiniya, ya juya wajen nas ɗin da hukumar gari ta turo, ya yi mata wata 'yar gajeruwar magana cikin yaren garin. Nas ta yi murmushi, ta gyaɗa kai, ta ba shi amsa.

Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa, rungume da flas ɗin ruwan zafin da take kawo wa tsohon kowace safiya. Ƙofarta ce ke kallon tasa. Yaren garin nan dai ba ta iya shi ba, sai ɗan na sayen sabulu da na faɗa in an tsallake ta a layi. Amma ko kurma ya san doguwar magana ba ta komawa loma ɗaya. Kuma a cikin lomar ta tsinci kalmomin da ta sani sarai: asibiti, da gobe.

Abin ya yi mata ciwo, don ta san wane ne a kwance. Baba Direba ya tsufa yana tuƙa bas a garin nan, yana jin yarensu har da zagin cikinsa. Shanyewar ɓarin jiki ce ta zo ta share komai, ta bar masa Hausar da ya sha a nono kaɗai. Yanzu ga zuciya ta gaza, likitoci sun ce saura lallaɓawa. Mutumin da ke sasanta fasinjoji, yau shi ne ake maganarsa a gabansa kamar kayan da za a aika.

"Ɗana," ta ce a hankali, "abin da ya faɗa ke nan ka faɗa mata?"

"Gwaggo, don Allah ki ajiye ruwan. Mun gode. Maganar gida ce."

Kunya ta rufe ta. Ta wuce kicin ta dire flas ɗin, tana ce wa kanta shiga sharo ba shanu ba kyau, kuma yaron nan injiniya ne, ita kuwa ko sunanta da ƙyar take rubutawa. Har ta kama hanyar fita, sai ta ji muryar tsohon daga ɗaki.

"Ya faɗa mata ko? Maƙwabciya, ta yarda ko?"

Nan ƙafarta ta ƙi tafiya. Ta tuna lokacin da ta yi jinyar nata mijin, yadda ta riƙa gyaɗa wa likitoci kai ba ta san abin da take yarda da shi ba, har aka gama. A lokacin ba wanda zai fassara mata. Yanzu kuwa hukumar gari ta buɗe wa tsofaffi da masu jinyarsu layin waya, kowa da harshensa. Su ke kiranta da Hausa su ce za a yi zafi ta sha ruwa, ko za a ɗauke ruwan famfo ta tara. In ta danna lamba ɗaya, mutum ne zai ɗauka. Gwaggo kuwa ta danna lambar nan har ta koɗe, wani lokaci don tambaya, wani lokaci don hira kawai.

Ta zaro wayar daga jakarta, ta koma ɗakin, ta ɗora ta a kan bargon Baba Direba.

"Gwaggo, mene ne haka?" in ji Injiniya.

"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ɗana."

Muryar wata mata ta fito daga wayar, ta yi sallama. Gwaggo ta yi mata bayani a gurguje. Matar ta gaisa da nas da yaren garin, sannan ta dawo Hausa. "Baba, ni tafinta ce. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zan fassara, ba ragi ba ƙari."

"Madalla," in ji Gwaggo. "Dama wannan nas ɗin, siririya kamar ba a ba ta abinci, sai gyaɗa kai ta iya."

Tafinta ta juya maganar tsaf, ba ta bar ko wasali ba. Nas ta dubi Gwaggo, ta dubi hannuwanta, sai ta fashe da dariya. Gwaggo ta so ƙasa ta tsage ta shige. Baba Direba kuwa ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ya kwanta, har sai da aka ɗaga shi ya yi tari.

Sannan ya yi magana. Ya faɗi ta allura da ta fitila, ya faɗi yadda a kwanciyarsa ta baya a asibiti ya yi ta roƙon a juya shi ba wanda ya gane, sai shafa masa kai ake yi kamar jariri. Murmushin nas ya ɗauke. Ta jawo kujera ta zauna daf da shi, kuma daga nan ba ta sake kallon Injiniya ba, idonta na kan mai maganar.

"Tana tambaya, Baba," in ji tafinta, "ka gane cewa in ka zauna a gida, mai yiwuwa kwanakin su fi gajarta?"

"Ki ce mata, 'yata, na tsufa ina kai mutane tashar ƙarshe. In na hango ta ina gane ta."

Injiniya ya miƙe tsaye. Ƙaton mutum, mai ba da umarni a wurin aiki, sai ga shi yana kai-komo kamar yaron da ya ɓata. Sai a lokacin Gwaggo ta ga ba taurin kai ne ke damunsa ba, tsoro ne, kuma tausayinsa ya kama ta.

"Baba, so kake in zauna in zuba maka ido ka mutu?"

"Eh," in ji tsohon. "Abin da nake so ke nan. Ka zauna. A can in lokacin ziyara ya ƙare korar ka suke yi, in bi bayanka da kallo. A nan wa zai kore ka?"

Tafinta ta fassara wannan ma. Injiniya ya zame ya zauna a ƙasa, ya kifa goshinsa a gefen katifar. Uban ya ɗora masa hannu a ƙeya, ya bar shi a nan.

Kafin azahar an soke motar asibitin da za ta zo ɗaukarsa washegari. Nas ta tsara komai da bakin Baba Direba: maganin ciwo, tukunyar iskar numfashi, da mai jinyar da za ta riƙa leƙowa. Ta nuna wa Injiniya lambar da zai kira a kowane lokaci, ta ce ko ita ta zo, da tafinta za a yi, shi aikinsa ya zama ɗa.

Gwaggo ta fito tana taku ɗai-ɗai kamar wadda ta ci zaɓe. Kafin la'asar ba ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba a benen. Ta koya wa tsohuwar da ke hawa na sama, wadda ke jin wani yaren daban, inda za ta danna ta samu nata. A bakin Gwaggo labarin ya yi ta girma, har ya zamana ita ta tsare motar asibiti da ƙirjinta. Ba wanda ya ƙaryata ta.

Injiniya ya yi kwanaki yana gaishe ta a daƙile. Ta ce ko a jikinta, alhali kuwa yana damunta. Amma ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya shimfiɗa katifa a gefen gadon uban. Tsofaffin direbobi suka riƙa zuwa suna cika ɗakin da gardama a kan wanda ya fi iya shan kwana da doguwar mota, Baba Direba yana yanke hukunci da ɗaga yatsa. Abinci ya ragu, magana ta ragu, amma duk wanda ya shiga ya san mai ɗakin yana nan, kuma shi ke da ta cewa.

Wata safiya Gwaggo ta tura ƙofa da flas ɗinta, ta yi sallama. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a rabin gadon. Injiniya na zaune a ƙarshen gadon, ƙafafun uban a kan cinyarsa, kwalbar mai a buɗe a gefe. An kashe tukunyar iska, ɗakin ya yi tsit.

"Ya tafi, Gwaggo," ya ce, bai ɗago ba. "Yanzun nan. Ina nan. Ina riƙe da shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Hawaye suka zubo mata, amma zuciyarta fes take, ba irin nauyin da ta ɗauka ranar da nata mijin ya tafi ba. "Allah Ya jiƙansa. Allah Ya yi maka albarka, ɗana. In kira mutane?"

"Ɗan dakata tukuna. Ƙafa ɗaya na shafa masa."

Gwaggo ta zauna a kujera, flas ɗin a cinyarta. Injiniya ya tsiyayi mai a tafin hannunsa, ya murza ya ɗumama shi, ya ɗauki ɗaya ƙafar ya fara daga diddige.