Layin da Ya Tsaya Bayana

Sunana Arzika. Shekara arba'in da ɗaya ina dillancin albasa a kasuwar Malanville. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi na bari, ban yi nadama ba. Ni ne shugaban jam'iyyar Buhu.

Jam'iyya biyu ce cikin ƙungiyarmu ta 'yan albasa. Mu 'yan Buhu muna cewa a sayar da albasa yadda munka tarar. A cika buhu har ya yi hula, a ɗinke, a ba da hannu, magana ta ƙare. 'Yan Kilo suna cewa a aza kowane buhu bisa ma'auni, a rubuta nauyinshi cikin portabul, wayar hannu. Shugabansu Latifu ne, yaron da na sani tun shina yawo ba wando.

Ƙa'idarmu ɗaya ce. Inda babba ya zauna nan ake zama, inda ya tsaya nan ake tsayawa, kuma ba a tambayarshi dalili. Da ita munka riƙe ƙungiya shekara ashirin da shida, abokina Issufu shina bisa kujera, ni ina riƙe da jam'iyya. Bara Issufu ya rasu, Allah ya jiƙanshi. Anka ce a yi zaɓe.

Dattawa sunka zauna, sunka tsai da ɗana takara. Ban sa baki ba. Na san ya iya albasa, daga wari shina gane wadda ba za ta kai Kwatano ba. Amma ɗana na fari ne. Ba na faɗin sunanshi, nan ma ba zan rubuta ba. Ba ma cin tuwo tare, ba na kallon fuskarshi. In ina da magana gare shi, Adnan ɗan ƙanwata ke kaiwa. Ubana haka ya yi mani, har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, kuma ban lalace ba.

Munka shiga neman jama'a. Latifu ya ɗauko 'yan kabu-kabu goma da lasifika, suna zagaya gari da sunanshi har Madécali da Guéné, inda manomanmu suke. Ni na bi rumfa rumfa ina gaisawa, in ce a zaɓi wancan. Mataimakina Alhaji Khamis shi ma bai iya faɗin sunan ba, don ɗiyarshi ce ke auren yaron. Shi cewa yake a zaɓi mutumin gidanmu. Adnan ya ce wanga ba kamfen ba ne, tatsuniya ce. Na ce ya rufe baki.

Zaɓenmu ba na takarda ba ne. Ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonshi su yi layi bayanshi, a ƙidaya kawuna. Ranar Alhamis da hantsi anka taru filin da ake loda kamiyo, manyan motocin kaya. Anka gayyato Malam Abdulwasi'u, tsohon malamin lakwal, ya yi ƙidaya. Latifu ya tsaya gabas, yaron ya tsaya yamma.

To, uba ba ya tsayawa bayan ɗanshi na fari a bainar jama'a kamar mai jiran sadaka. Ban ma so in ga abin da idona ba. Na tafi can gefe ƙarƙashin iccen mangwaro, na juya baya, na tsaya ina kallon hanyar Gaya.

Na ji takun ƙafafu bayana. Na ɗauka masu neman inuwa ne. Takun ya yi ta ƙaruwa, na ce ranar tana da zafi. Dattijo ba ya waige-waige. Adnan ya rugo ya ce mani a kunne, "Kawu, don Allah ka waiga." Na ce ya bar ni, ina tunani. Ya sake cewa, na ɗaga sanda, ya tafi.

Da Malam Abdulwasi'u ya gama sai ya karanto. Bayan Latifu mutum tamanin da takwas. Bayan yaron sha bakwai, su ma fatake ne daga Kamba da ba su san ƙa'idarmu ba, sai Adnan da abokanshi. Bayan Malam Arzika, wanda ba ya takara, ɗari da talatin da huɗu. Sannan na waiga. Layi ne miƙe tun daga gindin mangwaro har bakin titi, kowa shina kallon hanyar Gaya. Khamis ne na farko, ya harɗe hannuwa baya kamar yadda na yi.

Haka munka fāɗi zaɓe da jama'a mafi yawa. Kafin sati ya zagayo, ma'auni huɗu sunka shigo kasuwa.

Ranar Litinin Adnan ya zo mani da saƙo. Latifu ya yi wa yaron tayin kula da ma'aunan duka. Yaron ya ce zai karɓa, tare da matasanmu, sai dai in ubanshi ya tsaya bayanshi gaban jama'a ranar reniyon, wato taron jam'iyya. Ya ce shekararshi arba'in da biyar, kuma yanzu yara a kasuwa na kiranshi Sha Bakwai. Na ƙirga waɗanda za su rage mani in matasa sunka tafi. Tsofaffi ne, rabinsu sai an ɗaga su in sun zauna. Jam'iyya ta mutu ke nan, kuma ɗana shina aza buhu bisa ƙarfe don Latifu.

Da azahar na koma gida. Matata Salamatu na tankaɗe. Ita ma ba ta faɗin sunanshi, amma ta fi ni sanin abin da ya ci da abin da ke damunshi. Na gaya mata ba zan yi ba. Ta ce ba ta ce in yi ba. Na ce al'ada al'ada ce. Ta ce haka ne. Ta ci gaba da tankaɗe har na fara cin tuwo, sannan ta ce, "Malam, lokacin da wancan ke rarrafe ba ka taɓa ɗaukarshi ba."

Na ce ko sau ɗaya.

"Amma kullum da la'asar kana miƙe ƙafa bisa tabarma kana kallon katanga. Ya rarrafo ya hau, ya yi barci. Ƙafarka ta mutu, ba ka motsawa. In na yi magana ka ce kai ba ka ga kowa ba."

Na ce miya ta yi gishiri. Ba ta yi ba.

Reniyon ranar Laraba da safe ne, a rumfata. Anka cika har waje. Yaron ya zauna bayan tarin buhuna, inda ba za mu haɗa ido ba. Na buɗe da addu'a, na ce kowa ya faɗi ina munka dosa.

Khamis ya fara, don shi ke bi mani. Ya ce ba mu fāɗi ba, an ƙi ƙidaya mu ne. A rubuta takarda a ce mangwaro na jam'iyya ne, tun da mu ke zama ƙarƙashinshi tun kafin a haifi Latifu, saboda haka duk wanda ya tsaya wurin mu ya zaɓa. Tsofaffi sunka gyaɗa kai. Anka tambayi wa zai rubuta takardar, anka rasa. Masu iya rubutun nasara duk suna wajen Kilo.

Wani manomi daga Guéné ya ce tun da ni jama'a ke bi, a tsai da ni in shekara uku ta cika. Na ce shekarata saba'in da takwas, kar ya yi wa Allah shisshigi. Wani ya ce mu sayi namu ma'aunin mu riƙa aunawa da buhu mai hula, kowa ya samu nashi. Anka fitar da shi waje ya sha iska. Wata tsohuwa mai sayar da ƙananan albasa ta ce ita har yau ba ta san wa munka tsayar ba. Adnan ya faɗi sunan da ƙarfi. Ni da Khamis munka duƙa muna gyara takalmi.

Daga nan yaron ya yi magana daga bayan buhuna. Muryar kaɗai ake ji. Ya ce, "Adnan, gaya wa Baba ban zo jayayya ba. Amsa na zo ji."

Na ji sarai. Na jira Adnan ya maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da nashi, wai kuma rana na yi. Na ce ya gaya wa mai maganar ba a taɓa yi ba. Adnan ya juya ga buhuna ya ce Kawu ya ce shina dubawa. Na ce ba haka na ce ba. Ya ce shi haka ya ji, hayaniyar kamiyo ta yi yawa.

Yaron ya ce, "Gaya mishi ni ma ban taɓa kallon fuskarshi ba, ban taɓa zama inda ya zauna ba. Na kiyaye nawa. Amma sha bakwai, Adnan."

Wanga Adnan bai maimaita ba. Na ji motsin buhu, na gane ya miƙe zai tafi.

Na ɗauki sandata. Na fita, na ratsa filin kamiyo, na isa gindin mangwaro, na juya baya, na tsaya ina kallon hanyar Gaya. Ba a daɗe ba na ji takun. Khamis ya zo da tarinshi, ya harɗe hannuwa. Sauran sunka biyo, ɗaya bayan ɗaya. Wanda anka fitar ma ya shiga layi.

Adnan ya zo gefena ya ce, "Kawu, an koma gidan jiya ke nan?"

Na ce, "Hanya nike kallo. Wurin ba nawa ba ne. In wani ya zo ya tare mani hanya, ban da ikon hana shi."

Ya tsaya shina kallona baki buɗe. Ɗan ƙanwata ne, amma kan ubanshi ya ɗauko, sai an jira shi. Da abin ya shiga sai ya ruga. Na ji gardama can baya, na ji ana jan mutum, na ji ana cewa sakar mani riga. Sannan wani ya zo ya tsaya gabana, taku biyu, ya ba ni baya.

Khamis ya ga surukinshi gabanshi, ya sunkuyar da kai har hularshi ta faɗi, bai ɗauka ba. Adnan ya bi layi shina ƙidaya da ƙarfi yadda kasuwa za ta ji. Ya samu ɗari da hamsin da ɗaya. Ya ce da ɗan takara ɗari da hamsin da biyu, in an yarda mutum ya tsaya bayan kanshi.

Latifu ya taso daga wurin ma'auni, portabul a hannu. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi mishi ƙarya ba. Ya ce, "Baba Arzika, yau dai bayan ɗanka kake tsaye."

Na ce, "Wane ɗa? Kamiyon Parakou nike jira."

Ya ce ai kamiyon Parakou ta ɗaya gefen take zuwa. Na ce shekara arba'in da ɗaya ina wagga kasuwa, ba shi zai koya mani inda zan jira mota ba. Ya yi dariya, ya tambayi na gabana ko maganar ma'auni tana nan. Na gabana ya ce ya gode, amma hannunshi ya saba da ɗinkin hula. Latifu ya ce to zaɓe mai zuwa da takarda za a yi, a ɓoye, kowa shi kaɗai. Khamis, kanshi har yanzu a sunkuye, ya ce za mu rubuta takarda mu ƙi.

Wagga matsalar shekara uku ce, tana iya jira. Ni dai ina tsaye. Rabona da ganin ƙeyar yaron kusa haka tun shina hawa ƙafata. Akwai furfura bayan kunnenshi, ba wanda ya gaya mani. Wuyan rigarshi ya yage inda Adnan ya ja. Ya fi yadda nike zato tsawo, har hanyar Gaya ta ɓace mani gaba ɗaya.

Rana ta juyo, inuwa ta bar mu. Na ji tsofaffi bayana na canja ƙafa. Ba wanda ya tambayi yaushe za a watse, don ba a tambaya. Gwiwata ta fara ciwo. Ban ce ya matsa ba.