Girbin Gonar Orval

A shekarar da Orval Tjaden ya faɗo daga kan rumbu, garin Ostby yana da makarantarsa, da shagon aski, da coci biyu da ba sa ga-maciji da juna, sai gidan abincin Marlys, inda manoma ke haɗuwa kowace safiya su sha kofi su tsine wa farashin masara. Mutanen garin ba su kai ɗari biyar ba. In baƙuwar mota ta wuce ta gaban gidan waya, kafin ta kai gidan mai an san wurin wa ta zo.

A farkon Oktoba abin ya faru. Matarsa Verna tana shanya ta ji ƙarar tsanin ƙarfe, ta ruga ta tarar da shi kwance yana zagin tsanin. Likita ya ce ƙugu ya karye, sai ya yi wata uku bai taka ba. Ga masara eka ɗari biyu ta bushe a tsaye, ga rediyo na cewa dusar ƙanƙara za ta sauko da wuri. 'Ya'yansu biyu mata ne, duk suna aure a nesa.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, tun a mota ya ce mata, "Kada ki roƙi kowa. Kin ji ko?"

"Na ji. Da farce zan girbe ta?"

"Ni dai na faɗa miki."

Ba ta roƙi kowa ba. Amma ran Alhamis da ta shiga wurin Marlys sayen burodi, sai kowa a teburin manoma ya duƙufa kan kofinsa kamar an ba shi karatu a ciki. Marlys tana naɗe burodin ta ce, "Verna, tukunyar kofinki mutum nawa take ɗauka?"

"Goma sha biyu. Lafiya?"

"Lafiya lau. Zan aiko miki da babbar ta coci."

Ran Asabar da hantsi Verna ta ji ƙasa na rawa. Ta leƙa taga ta ga injinan girbi sun jero a kan hanyar tsakuwa, ta ƙirga tara, manyan motoci na biye. Wanda ke gaba kuwa kore ne mai lanƙwasasshen bututu, duk Ostby an san na Delbert Rasmussen ne.

Shekara tara ke nan Delbert da Orval ba sa magana. Bijimin Delbert ne ya taɓa karya shinge ya tattake waken Orval, cacar baki ta kai har Orval ya ambaci uban Delbert da abin da bai kamata ba. Tun daga nan, in sun haɗu a hanya ko yatsa ɗaya ba sa ɗagawa daga sitiyari, alhali wannan gaisuwar ko baƙo ana yi masa.

Delbert ya tsaya a ƙofa da hula a hannu. "Ina kwana, Verna. Har yanzu laka ce a ƙofar gona ta gabas?"

"Har yanzu. Delbert, ka san fa halin mutumin naka."

"Na sani. Masarar ce ba ta san muna faɗa ba."

Kafin rana ta take tsakiya, matan coci biyun sun cika gidan. Aka jera tebura a rumfar mota, aka sauke naman alade da dankali da kek ɗin tuffa har bakwai, kowace na satar kallon wanda zai fara ƙarewa. Maza suka zo da ƙaiƙayi a gira suka ci a tsaye, fasto na tsokanar mai aski cewa layin girbinsa ya fi askinsa karkata. Verna na ta kai da kawo da tulun kofi. Duk wanda ta buɗe baki za ta gode wa sai ya tambaye ta ina gishiri.

Orval yana kwance a falo, ya juya wa taga baya. Da yamma ta fara yi ya ce wa Verna, "Kai ni gona."

Mutum biyu suka ɗauke shi suka sa a mota, ta tuƙa shi har bakin gona. Gonar da ta saba cin mako uku ta zama fili, sai kara. Delbert ya kashe inji ya sauko, ya tsaya a gefen tagar. Verna ta ga leɓen mijinta na motsi, ta riƙe sitiyari gam.

"Ka bar layi guda a kusurwar can," in ji Orval.

Delbert ya waiga ya duba. "Tashi ka girbe abinka, tsohon banza."

Orval ya yi dariya har ƙugun ya sa shi ƙara, hawaye na bin kuncinsa, bai share ba. Ran Talata dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina.

Ba za a ce sun zama aminai ba, don har Orval ya rasu bayan shekara shida ba su daina gardama kan shingen ba. Amma Delbert na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

Yanzu Verna tana zaune wurin ƙaramar 'yarta a birni, a bene na huɗu. Gonar ta koma hannun wani kamfani, inji ɗaya ke girbe ta, direban ma ba ɗan garin ba ne. Duk Lahadi bayan coci takan kira Marlys, wadda kunnenta ya yi nauyi, su yi ta ɗaga murya suna lissafa wanda ya rasu da wanda ya samu jika, har 'yar ta leƙo ta ce abinci zai huce.